Yadda Sharuɗɗan Tallafi Ke Zaɓar Yaron da Rigakafi Zai Isa Gare Shi

A watan Yulin kowace shekara Hukumar Lafiya ta Duniya da asusun UNICEF kan fitar da alƙaluman rigakafin yara na duniya baki ɗaya. Na shekarar 2024 sun nuna cewa jarirai 89 cikin kowane 100 sun samu allurar farko ta rigakafin mashaƙo da tarin shiƙa da tsinkau-tsinkau, 85 kuma sun kammala allurai ukun. Wannan ci gaba ne mai girma, musamman idan aka tuna cewa a 1974, lokacin da aka ƙaddamar da shirin faɗaɗa rigakafi na duniya, yaran ƙasashe matalauta da ke samun waɗannan allurai ba su taka kara sun karya ba. Wani bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2024 ya ƙiyasta cewa rigakafi ya ceto rayuka miliyan 154 cikin shekaru 50, mafi yawansu jarirai.

Amma a cikin alƙaluman nan akwai yara miliyan 14.3 da ba a taɓa yi musu allurar farkon ba. Sama da rabinsu suna ƙasashe tara: Najeriya, Indiya, Sudan, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, Habasha, Indonesiya, Yaman, Afganistan da Angola. Ba don maganin ya ƙare a duniya ba, ba kuma don ya yi tsada ba. Allurar da ke haɗe da rigakafin cututtuka biyar, ciki har da waɗancan uku, wadda a farkon shekarun 2000 ake saye sama da dala uku, yanzu UNICEF na samun ta ƙasa da dala ɗaya. To me ya hana ta isa ga waɗannan yara?

Akwai yaƙi, akwai nisa, akwai rashin yarda, duk gaskiya ne. Sai dai akwai wani dalilin da ba a cika tattaunawa a kai ba, saboda yana ɓoye cikin takardun yarjejeniya da mutane kaɗan ke karantawa. Shi ne yadda ake tsara tallafin kansa: wa ya cancanci nema, shekara nawa kuɗin zai ɗauka, me aka yarda a kashe shi a kai, yaushe yake shiga asusu, da kuma me za a ƙirga a ce aiki ya yi kyau. A ganina a nan ne ake yanke shawarar yaron da za a kai wa allura da wanda za a bari, tun kafin a buɗe kwalba ko guda.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

Kuɗin rigakafi kashi biyu ne, kuma bambanta su shi ne mabuɗin fahimtar komai. Akwai kuɗin sayen maganin, akwai kuma kuɗin isar da shi: albashin ma'aikaciyar lafiya, man abin hawa, gyaran firji, sirinji, katin yaro, littafin rajista, da ladan masu bi gida-gida suna sanar da iyaye ranar allura.

A ɓangaren saye duniya ta yi rawar gani. A shekarar 2000 aka kafa Gavi, ƙawancen samar wa ƙasashe matalauta rigakafi, da gudummawar farko ta dala miliyan 750 daga Gidauniyar Gates, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Bankin Duniya. Dabarar mai sauƙi ce: a tattara buƙatun ƙasashe da yawa wuri guda, a je wa kamfanoni da ciniki mai yawa kuma mai tabbas, farashi ya sauko. Sashen sayayya na UNICEF da ke Kofanhegan na sayen allurai sama da biliyan biyu a shekara, wanda ke isa ga kusan kashi 45 cikin 100 na yaran duniya 'yan ƙasa da shekara biyar. Tun 2008 kuma kowace ƙasa da ke amfana dole ta sa nata kason. Mafi talauci na biyan santi 20 na dala a kan kowace allura, kason yana ƙaruwa gwargwadon bunƙasar tattalin arzikinta, har ta kai matsayin ɗaukar nauyin kanta. Gavi ta taimaka an yi wa yara sama da biliyan ɗaya rigakafi ta wannan hanya.

Ƙasashe masu arziki ma da tallafi suke tafiyar da nasu shirin, abin da mutane da yawa ba su sani ba. A Amurka, tsakanin 1989 da 1991, ƙyanda ta kama mutane kusan 55,000, ta kashe sama da 120, galibi ƙananan yara daga unguwannin talakawa na manyan birane waɗanda ba a yi musu allura ba. Wannan ne ya sa majalisar dokokin ƙasar ta kafa shirin rigakafin yara na VFC a 1993, ya fara aiki a 1994. Gwamnatin tarayya ke sayen maganin ta raba wa likitoci kyauta domin yaran da ba su da inshorar lafiya, da waɗanda ke ƙarƙashin shirin Medicaid na masu ƙaramin ƙarfi, da 'ya'yan ƙabilun asali na ƙasar. Kusan rabin yaran Amurka sun cancanci shiga. Kuɗin wannan shiri doka ce ta lamunce shi, duk yaron da ya cancanta za a saya masa. Amma kuɗin da ke riƙe ma'aikata da rumbun bayanai da bin diddigin ɓarkewar cuta a jihohi da ƙananan hukumomi yana fitowa ne daga wani tallafi daban da ake kira Sashe na 317, mai asali daga dokar 1962, kuma shi sai majalisa ta sake amincewa da shi kowace shekara. Wato kwalba tana da tabbas, mai riƙe sirinjin kuwa ba ta da shi. Wannan giɓin, da ɗan bambancin kama, shi ne ake samu kusan ko'ina a duniya.

Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne. Mai bayar da tallafi yana son abin da zai ƙirga ya nuna wa majalisarsa ko masu ba shi gudummawa. Kwalba tana ƙirguwa, tana da rasit, ana iya ɗaukar hotonta a filin jirgi. Litar mai da aka ƙona zuwa wani ƙauye ba ta da hoto, albashi kuma abu ne da idan ka fara biya ba ka san ranar dainawa ba. Shi ya sa yarjejeniyoyi da yawa ke cewa ƙarara ba za a biya albashin dindindin da kuɗin tallafi ba. Lamarin sai ya zama kamar a ba mutum doki a hana shi sirdi da linzami, sannan a tambaye shi me ya sa bai isa ba.

Annobar korona ta nuna wannan a fili. Shirin COVAX na raba rigakafin korona ga ƙasashen duniya ya kai kayansa na farko Gana a ranar 24 ga Fabrairun 2021, kuma kafin a rufe shi a ƙarshen 2023 ya raba allurai kusan biliyan biyu. Da farko matsalar ita ce ƙasashe masu kuɗi sun saye maganin sun bar sauran a layi. Da ya fara isowa kuma, sau da yawa yana dab da lalacewa, ga shi ba a tanadi isasshen kuɗin rarrabawa ba. A watan Mayun 2021 Malawi ta ƙona kusan allurai 20,000 da wa'adinsu ya cika, a Disambar shekarar kuma Najeriya ta lalata sama da miliyan ɗaya. An ɗora laifin a kan mutane cewa sun ƙi karɓa, alhali a wurare da dama babu wanda ya kai musu.

Abin da ke faruwa a teburin allura

Domin a ga inda kuɗin isarwa ke shiga, sai a dubi kwalbar rigakafin ƙyanda. A ƙasashe da yawa tana zuwa ne da allurar yara goma, garin magani ne busasshe da ake haɗawa da ruwansa na musamman. Da zarar an haɗa, sa'a shida kawai take da ita, ko zuwa ƙarshen zaman allurar, duk wanda ya riga. Abin da ya rage zubarwa ake yi. To ga ma'aikaciya a ƙaramin asibiti, iyaye mata uku ne zaune a benci da 'ya'yansu 'yan wata tara. Idan ta buɗe, allurai bakwai sun tafi a banza, kuma a ƙarshen wata akwai fom ɗin da zai nuna yawan asararta, ga mai duba aiki da zai yi mata faɗa. Idan ba ta buɗe ba, sai ta ce musu, "Ku dawo ranar da muka taru da yawa." Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a buɗe ko da yaro ɗaya ne. Amma ma'aikaciyar ta san abin da ake auna ta da shi, kuma ta san kayan da ke cikin firjinta ƙidayayyu ne. A cikin matan uku, wadda gidanta ke kusa za ta dawo. Wadda ta bar aikin yini guda ta biya kuɗin mota ta zo, da wuya ta sake zuwa. Wannan ne ya sa wasu ƙasashe suka koma amfani da kwalba mai allurai biyar, wadda kowace allura a cikinta ta ɗan fi tsada amma ma'aikata ba sa jin tsoron buɗe ta. Shawara ce ta kasafin kuɗi, sakamakonta kuma a jikin yaro yake bayyana.

Haka batun sanyi. Yawancin allurai na buƙatar zama tsakanin digiri 2 da 8 tun daga masana'anta har zuwa cinyar jariri. Zafi na kashe wasu, ƙanƙarewa na lalata wasu, ciki har da mai haɗe da biyar ɗin nan. A jikin kwalabe da yawa akwai ɗan tambari, murabba'i fari a cikin da'ira, wanda ke duhu idan zafi ya yi yawa, da ya kai launin da'irar sai a yar da kwalbar. Gavi ta zuba kuɗi sosai wajen sayen firji masu aiki da hasken rana, kuma sun kawo sauyi na gaske a wuraren da babu lantarki. Amma firji na buƙatar mai gyara, mai gyara na buƙatar kayan aiki da abin hawa. Tallafin da ya sayi firjin yakan ƙare cikin 'yan shekaru, a bar gyara ga ƙaramar hukumar da ko albashi da ƙyar take biya. Asibitin da firjinsa ya mutu sai ya koma yin allura rana ɗaya a mako, ranar da wani ya samu damar ɗauko magani cikin akwatin ƙanƙara daga hedikwata.

Yaron ƙarshe ya fi tsada

A nan ne batun adalci ya shigo da ƙarfi. Yi wa yaron da ke zaune kusa da babban asibiti allura abu ne mai arha, uwarsa ce ma za ta kawo shi. Yaron makiyaya, ko na sansanin 'yan gudun hijira, ko na unguwar da ta tsiro a gefen birni ba ta cikin taswirar hukuma, ko na baƙin haure da ke tsoron duk wani mai riƙe da fom, wannan yaron sai an je an nemo shi, kuma kuɗin isa gare shi kan ninka na wancan sau da yawa. Idan sharaɗin tallafi ya ce a yi wa yara mafi yawa da kuɗi mafi ƙanƙanta, duk wani shugaban sashen lafiya mai hankali zai fara da na kusa, ya tsaya inda kuɗi ya tsaya. Ba mugunta ba ce, lissafin da aka ɗora masa ne. Likitan Birtaniya Julian Tudor Hart ya bayyana wannan tun 1971: kulawar lafiya mai kyau takan yi ƙaranci daidai inda aka fi buƙatarta. Masanin Barazil Cesar Victora da abokan aikinsa sun ƙara a 2000 cewa sabon shirin lafiya yakan fara amfanar masu hali, giɓi ya ƙaru, kafin daga baya ya gangaro ga talaka.

Ƙyanda kuma ba ta san matsakaicin lissafi ba. Tana buƙatar kusan kashi 95 cikin 100 na al'umma su samu allurai biyu kafin ta rasa hanyar yaɗuwa. Ƙasa na iya alfahari da kashi 90 alhali akwai gundumar da ba ta wuce 40 ba, kuma daga can wutar ke tashi. Saboda haka ne a 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fito da tsarin isa kowace gunduma, inda kowane asibiti zai zana taswirar yankinsa, ya rubuta garuruwa da nisansu, ya tsara ranakun fita. Tsarin yana da kyau a takarda, kuma yana aiki inda aka biya kuɗin fitar. Inda ba a biya ba, taswirar na nan manne a bango.

Hanyar raba tallafin ita ma tana da nata son kai, ko da ba wanda ya yi niyya. Idan aka ce a yi gasa, kowa ya rubuto buƙatarsa a zaɓi mafi kyau, wa zai ci? Babban sashen lafiya mai ma'aikacin da aikinsa kawai rubuta takardun neman tallafi, mai akanta, mai alƙaluman shekaru a kwamfuta. Ƙaramar gundumar da ma'aikata uku ke riƙe da ita, ko ƙungiyar sa-kai da mutanen unguwa suka yarda da ita, ba su da lokacin cike fom mai shafuka hamsin, wani lokaci ma da harshen da ba nasu ba. Ga kuma tallafin da ake biya bayan an kashe: ka yi aikin da kuɗinka, ka kawo rasit, a mayar maka bayan watanni. Mai ajiya a banki zai iya jira. Wanda ke hannu baka hannu ƙwarya ba zai ma nema ba. Wasu tallafin kuma sai mai nema ya kawo nasa kason tukuna, sharaɗin da ke da ma'ana tsakanin ƙasa da ƙasa amma yakan kori gundumar da ta fi kowa talauci. A ƙarshe kuɗin da aka ware domin marasa galihu sai ya sauka a hannun waɗanda suka fi iya rubutu.

Sai gajeren wa'adi. Tallafin shekara ɗaya, a aikace, wata shida ne ko bakwai: a yi jiran sa hannu, a yi jiran sakin kuɗi, a ɗauki ma'aikata a horar da su, kafin su san hanyoyin unguwa lokacin rubuta rahoton ƙarshe ya yi. Amma yarda ba ta ginuwa a wata shida. Uwar da ke shakkar allura ba fosta ce ke sauya mata ra'ayi ba, ganin fuska ɗaya ne wata bayan wata, mutumin da ya san sunan ɗanta, wanda ya gaya mata tun da wuri cewa ɗan zazzaɓi na iya biyo baya kuma ya dawo ya duba shi. Ranar da kuɗi ya ƙare wannan ma'aikacin ya tafi, abin da aka gina ya tafi da shi, kuma wanda zai zo da sabon tallafi daga farko zai fara, a gaban mutanen da suka riga suka ga an zo an tafi.

Akwai wani gwaji da ke nuna yawan abin da tabbas kaɗai ke iya yi. A ƙauyukan Udaipur na jihar Rajasthan a Indiya, Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu sun gwada abu biyu, suka wallafa sakamakon a 2010. A ƙauyukan da ba a taɓa komai ba, kashi 6 cikin 100 na yara ne suka kammala allurai. Inda aka tabbatar ma'aikaci na zuwa rana sananniya kowane wata ba fashi, adadin ya kai 18. Inda aka haɗa da ɗan ihsani na kayan abinci ga iyaye a kowace ziyara, ya kai 39. Abin mamaki, kuɗin da aka kashe a kan kowane yaro da ya kammala ya fi sauƙi a rukuni na ƙarshe, kusan rabi, domin albashin ma'aikacin ɗaya ne ko yara biyar suka zo ko hamsin. Mafi yawan iyayen nan ba masu adawa da rigakafi ba ne. Mutane ne da zuwa asibiti ke ci musu yini, kuma ba su da tabbacin za su tarar da kowa.

Abin da aka ƙirga shi ake samu

Masu bayar da tallafi ba su jahilci waɗannan matsaloli ba, kuma sun gwada hanyoyi. Ɗaya daga cikin na farko shi ne tsarin Gavi na ba ƙasa dala 20 a kan kowane ƙarin yaro da ya kammala allurai uku. Niyyar mai kyau ce: a saki kuɗi ba tare da ɗaure hannu ba, a biya bisa sakamako. Amma a 2008 masu bincike a Jami'ar Washington suka kwatanta rahotannin gwamnatoci da binciken gida-gida, suka tarar ƙarin yaran da aka ba da rahoto ya kusan ninka wanda binciken ya tabbatar. Idan wanda ke rubuta adadi shi ne zai amfana da girman adadin, to adadin zai girma.

Ko ba tare da ƙari da gangan ba, lissafin na da rauni. Ana raba yawan allurai da aka yi da yawan yaran da ake zaton suna yankin, zaton kuma daga ƙidayar jama'a yake, wadda a wasu ƙasashe ta haura shekara goma ko ashirin. Shi ya sa za ka ga gunduma ta ba da rahoton kashi 120 cikin 100, ana yaba mata, alhali unguwanni sun cika da yaran da ba a san da su ba. Wanda ba ya cikin ƙidaya ba ya cikin kasafi.

Ya kamata a yi wa masu kuɗin adalci a nan. Tsauraran sharuɗɗan ba daga sama suka faɗo ba. An sha samun kuɗin tallafi da ya salwanta, horon da ba a yi ba aka rubuta an yi, har Gavi ta sa wasu ƙasashe suka mayar da kuɗi. Duk wanda ke riƙe da dukiyar jama'a dole ya nemi hujja. Matsalar ita ce maganin da ake bayarwa yakan faɗa kan mai uwa da wabi: a ƙara fom, a ƙara matakan amincewa, a bi da kuɗin ta hannun wasu hukumomi, har kuɗin fita na watan Maris ya iso a Satumba bayan ruwa ya yanke hanya. Ana iya binciken kuɗi da tsanani ba tare da an tsayar da babur ɗin ma'aikaciya ba, ta hanyar ba da kuɗin aiki tun gaba a kai a kai, a biya ma'aikata kai tsaye ta waya ko banki, sannan a tantance sakamako da binciken da wasu masu zaman kansu za su yi gida-gida.

Gangamin rigakafi ma na da nasa matsayi a wannan lissafi. Yana da farin jini wurin masu tallafi saboda yana da ranar farawa da ranar gamawa da adadi mai daɗin faɗa, kuma ba a raina shi ba: da shi aka kawar da agana a duniya a 1980, da shi aka kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a Agustan 2020. Amma gangami na biyan alawus, aikin yau da kullum ba ya biya, don haka ma'aikata kan bar asibiti su bi gangami, jaririn da aka haifa bayan an tashi kuma sai ya jira na gaba.

Sannan akwai ƙasashen da suka faɗa tsakiya. Cancantar samun tallafin Gavi ta dogara ne da matsakaicin kuɗin shiga na ɗan ƙasa, ma'aunin da ba ya ganin yadda aka raba arzikin. Angola ta fita daga tallafin ne saboda kuɗin man fetur ya ɗaga lissafinta, ga ta a 2024 cikin ƙasashe taran da suka fi yawan yaran da ba a taɓa yi wa allura ba. Ita kanta Gavi ta gane haka, ta buɗe wata ƙofa ta taimaka wa ƙasashe masu matsakaicin arziki da suka samu koma-baya, ta kuma ware dala miliyan 500 musamman domin nemo yaran da ba a taɓa kaiwa gare su ba, inda wani kaso ke bi ta hannun ƙungiyoyin agaji a yankunan da gwamnati ba ta iya shiga. Wannan, a ganina, shi ne alƙiblar da ta dace: a yarda tun a takarda cewa yaron nesa ya fi tsada, a ware masa kuɗinsa daban, a auna nasara da halin gundumar da ta fi kowa baya. Idan aka haɗa da raba kuɗi bisa ma'aunin buƙata a maimakon gasa, da wa'adin shekara uku zuwa biyar, da taimaka wa ƙananan ƙungiyoyi wajen rubuta buƙata da riƙe asusu, an toshe mafi yawan ramukan da aka ambata.

Sai dai duk wannan gyara ne a cikin kuɗin wasu, kuma shekarar 2025 ta tuna wa kowa haɗarin dogaro da shi. A watan Maris gwamnatin Amurka ta soke tallafin sama da dala biliyan 11 na zamanin korona da jihohi da ƙananan hukumomi ke amfani da shi, ciki har da aikin rigakafi. Jihohi da dama sun kai ƙara kotu, amma kafin nan wasu sassan lafiya sun sallami ma'aikata, gundumar Dallas ta soke zaman allura sama da 50, a daidai lokacin da ƙyanda ke yaɗuwa a yammacin jihar Texas, inda ta kashe yara biyu da ba a yi musu rigakafi ba. A watan Yuni kuma, a taron tara kuɗi na Gavi a Brussels, an nemi dala biliyan 11.9 domin yi wa yara miliyan 500 rigakafi tsakanin 2026 da 2030, aka samu alƙawarin sama da biliyan 9, Amurka kuma ta sanar cewa ta dakatar da nata kason.

Idan kuɗi ya ragu, ba sayen kwalba ake fara yankewa ba, domin an riga an ƙulla yarjejeniya da kamfanoni, kuma ƙarewar magani a babban asibiti abin kunya ne da kowa zai gani. Abin da ake fara yankewa shi ne fita zuwa ƙauyuka, da zaman yamma da na ƙarshen mako domin iyaye masu aiki, da mai fassara, da ladan masu bi gida-gida. Su ne layukan da suka fi sauƙin gogewa a kasafi, su ne kuma kaɗai hanyar da yaran nan miliyan 14.3 ke da ita. Manufar duniya ita ce a rage yawansu da rabi kafin 2030 idan aka kwatanta da 2019, amma adadin na 2024 ya ma haura na 2019. Gwamnatin da ke son kare su ba sai ta jira taron masu tallafi ba: za ta iya mayar da albashin masu allura da kuɗin fita da gyaran firji cikin kasafinta na dindindin, ta saki kuɗin a farkon zango, ta bar tallafin waje ya ɗauki sabbin allurai da kayan aiki masu tsada.